Ɗigo Biyu a Bakin Yaro

'Yar Sa-kai:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yanzu na dawo daga zagayen rigakafin shan inna, ga abin da ya zo mini:

Tun hantsi nake bin lungu,
Hijabina ya jiƙe da zufa.
Ɗigo biyu a bakin yaro,
Sai alli a jikin ƙofa.
Mu sa tawada a ɗan yatsa,
Don gobe ya taka da ƙafa.

Baban Biyu:
Sannu da rana, 'yar'uwa,
Amma fa ina da tambaya.
A 2020 aka yi shela
Shan inna ta bar Najeriya.
To me ya hana ku hutawa,
Kullum kuna bisa hanya?
Zazzaɓi ya kwantar da ɗana,
Maganinsa sai da na saya.
Wannan kuwa kyauta har gida?
Don Allah faɗa min gaskiya.

'Yar Sa-kai:
Yaya, uwar cutar aka kora,
Daga Borno ta juya baya,
Tun 2016 ba a gan ta ba,
Amma ta bar mana 'ya'ya.
Inda yara ba su sha ɗigon ba,
Nan suke samun mafaka su ɓuya,
Ta bayan gida, ta ruwan sha,
Ta hannun da bai ga sabulu ko ɗaya.
Uwar ma tana Pakistan da Afganistan,
Ba ta neman biza in za ta yi tafiya.

Mai Keken Hannu:
Ku ba ni wuri, wannan zancen a jikina yake.

A 2003 aka haife ni,
Sa'ad da jita-jita ta cika gari.
Aka ce ɗigon na hana haihuwa,
Babana ya sa wa ƙofa makari.
Da ƙafa ta shanye, aka ce Inna ce,
Aka yi turare, aka ɗaura tsari.
Yau ni ke gaba da kekena,
In an ƙi buɗewa, in ce a duba ni da fari.

Kakan Zaure:
Yaran nan ba ku san kurkunu ba. Bari tsoho ya sa baki.

Da damina ta faɗi, manomi na kwance,
Ana naɗe tsutsa a jikin tsinke.
Gowon ya bi ƙauyuka, Carter na Amurka ya zo,
Aka ce ruwan tafki a tace shi a ƙyalle.
Mu muka bi gida-gida da matatar ruwa,
Ana mana dariya, muna ta haƙuri dai.
A 2013 aka ba ƙasar nan shaidar rabuwa da kurkunu.

(Amsa-amon ya kufce mini, ku yafe, tsufa ne.)

Baban Biyu:
Mai Keke, ka kashe min baki,
Baba, na ji, na sunkuya.
Ku zo Asabar bayan hantsi,
Zan ce wa uwargida ta shirya.
Amma zancen zazzaɓi yana nan,
Ban janye ba ko ɗaya.

'Yar Sa-kai:
Kar ka janye, Yaya, ni ma ina kai ƙorafin sama. Asabar ɗin ka fito mana da katin rigakafin yaran duka biyu.