Taƙaitawa kan ƙyanƙyasar kifin salmon da dam ɗinmu

'Yan uwa ga abin da na tsinto daga maganganun da anka yi kan ko za mu iya kwaikwayon dabarar ƙyanƙyasar salmon a dam ɗinmu:

1. Kowa ya yarda salmon ba kifinmu ba ne, ruwan sanyi yaka so, zafin Sakkwato ko kwana ɗaya ba zai kai ba. Dabarar muka dubawa.

2. Yadda suka yi a Alaska da Japan: a tatse ƙwai, a ƙyanƙyashe, a sake 'ya'yan su tafi teku, in sun girma su dawo kogin da anka sake su. A Amurka har wani ɗan fiffike na bayan kifin suka yankewa don masunci ya bambance na gida (wanda anka ƙyanƙyashe) da na daji.

3. Nan anka rabu. Wasu sun ce a zuba tarwaɗa da ƙarfasa haka a Goronyo da Kware, wasu sunka ce kifin gida sangartacce ne, in ya haɗu da na daji iri ka lalacewa, kuma ni ma nan na karkata gaskiya.

4. Masunta kuwa cewa sunka yi banza ne muddin ana su da gidan sauro, gara a rufe ruwa, a hana su na wani lokaci, kamar kogin Matan Fada na Argungu.