Katin girafik ko furosesa? Gardamar masu tace bidiyo a Katsina

Zainab: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen manya. Laftof ɗina ta gaza, ina so in haɗa kwamfutar girke saboda aikin biki ya fara yawa. Da kyamarar Canon R6 nake ɗauka, 4K, kuma ina kunna C-Log don in samu damar gyara kala. A Premiere, manhajar tace bidiyo, nake aiki. Da na jefa hoton kamu ko na wuni sai ya riƙa tsalle, sauti na gaba hoto na baya. Kuɗina ba za su isa in sayi komai mai tsada ba. A kan wane kaya ya fi dacewa in zuba mafi yawansu?

Abba: Wa alaikumus salam Anti Zainab. Maganar ba ta da tsawo. Katin girafik shi ne kwamfutar edita, sauran kayan duk 'yan rakiya ne. Ki nemi RTX 4070 in da hali, in babu ki ɗauki RTX 3060 mai giga 12. Furosesa kuma, wato babban injin lissafin kwamfutar, ki sayi i5-12400F ta Intel, ta fi arha, rarar ki ƙara a kan kati. Ba za ki ƙara ganin tsalle ba.

Malam Lawal: Abba, wannan F ɗin da ka ce ta saya, ka san abin da aka cire mata har ta yi arha?

Abba: Ƙaramin girafik ɗin da ke cikinta ne Malam. To me za ta yi da shi tunda ga babban kati?

Malam Lawal: Nan gizo ke saƙar. Zainab, duba bayanin fayil ɗaya daga cikin waɗanda ke maki tsalle. In kika kunna C-Log a R6, kyamarar na rubuta fayil ne a tsarin H.265, wanda kuma ake kira HEVC, 10-bit, 4:2:2. Irin wannan fayil a matse yake ƙwarai, ba kowane hoto aka ajiye cikakke ba, sai kwamfuta ta yi lissafin abin da ke tsakani kafin ta nuna maki. Wannan warwarewa ita ce ke kayar da laftof ɗinki, tun kafin a zo maganar kala ko ado. A cikin katin NVIDIA akwai sashen da aka ware don warware bidiyo, amma na jerin 30 da 40, irin su 3060 da 4070 ɗin da Abba ya kira, bai iya 4:2:2 ba. Sai a jerin 50 da suka fito a 2025 aka ƙara mashi wannan. Ke nan in kika sayi 4070 kika haɗa da furosesa mai F, katin zai zauna yana kallo, furosesar ita kaɗai ke shan wahala, tsallen kuma na nan. Abin da ke warware irin fayil ɗinki shi ne Quick Sync na Intel, daga ƙarni na 11 zuwa sama, kuma yana cikin wancan ƙaramin girafik ɗin da Abba ya ce ba shi da amfani.

Zainab: Na duba Malam. Haka aka rubuta, HEVC 4:2:2 10.

Abba: To ai Malam da kanka ka faɗa, ta sayi RTX 5060 kawai. Har yanzu dai kati ne ya raba gardama.

Malam Lawal: Tana iya saya. Amma bambancin kuɗin 12400 da 12400F bai taka kara ya karya ba, shi kau sabon kati ka san abin da zai ci. Ka ce ta kashe kuɗi masu yawa a kan abin da 'yan kaɗan za su magance. Sharaɗi ɗaya dai, duk wanda zai haɗa mata ya shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ya bar ƙaramin girafik ɗin a kunne, don wasu madabod, wato faifan da ake soka dukan kayan a kai, na kashe shi da sun ga an soka kati. Na sha ganin wanda ya sayi furosesa mai kyau yana kuka da tsalle, ashe abin a kashe yake.

Abba: Ban yarda an gama ba. Ku tuna irin wuraren da muke ɗauka. Dina da dare, fitilu masu launi na juyawa, amarya a can ƙurya ba haske. Ka ɗaga ISO na kyamara don ƙara haske, hoto ya cika da yashi-yashi. Me zai wanke shi? A DaVinci Resolve, wata manhajar tace bidiyo, wankin wannan yashin da gyaran kala duk a wuyan kati suke, kuma in ƙwaƙwalwar katin ta cika sai manhajar ta tsaya maka cak ta ce ba wuri. Mai giga 8 a 4K da wanki biyu ko uku, ka shirya ganin wannan saƙon. Shi ya sa na ce 3060 mai giga 12, duk da cewa tun 2021 ya fito. Ba furosesar da za ta yi maka wannan aikin.

Malam Lawal: Wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. Wanda aikinshi kala ne a Resolve, kati ne gaba. Sai dai ka faɗa mata sauran: wankin yashin a Resolve Studio yake, dala 295, na kyauta ba ya da shi. Ita kuma ta ce a Premiere take, yawancin aikinta yanka ne da jerawa da ɗora waƙa. Ba na cewa kar ta sayi kati. Cewa nake kar ya cinye rabin kuɗinta.

Alhaji Sada: Ku yara kuna ta kiran lambobi. Zainab ɗiyata, zo shago ki ga HP Z440 'yar Beljiyam, furosesa Xeon, RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 64, ƙarfe ne ba roba ba. An yi ta ne don ofisoshin da ba a kashe kwamfuta dare da rana. Ki soka mata kati matsakaici ki kama aiki, da rabin abin da waɗannan ke lissafa maki.

Nura Daura: Alhaji ranka ya daɗe, injin na da ƙarfi, amma a 2014 ya fito. Xeon ɗin ciki ba ta da Quick Sync ko kaɗan, kuma ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11. Windows 10 kau an daina ba ta sabuntawar tsaro ta kyauta da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025.

Alhaji Sada: Mutane nawa ke cin abinci da ita a garin nan? Ka zagaya ka gani.

Malam Lawal: Suna ci Alhaji, ba ƙarya. Mai ɗaukar 1080 na wa'azi ko taron siyasa, Z440 ta ishe shi har ya gaji. Ita ma Zainab za ta iya da ita in za ta riƙa yin furoksi, wato ta bar kwamfuta ta sauya fayilolin zuwa masu sauƙi ta yi yanka da su, in za ta fitar da aiki a koma kan na asali. Dabara ce mai kyau, manyan masu tace fim ma na yi. Amma biki uku a mako, kowanne awa huɗu ko biyar na ɗauka, sai an kwana ana jiran furoksi. Wa zai ba ta wutar kwana?

Injiniya Kabir: Yawwa, an zo inda nake jira. Tun ɗazu kuke gardama kamar a Jamus za a girke kwamfutar. Bari in yi maku lissafin da nake wa duk wanda ya zo in haɗa mashi sola. RTX 3060 kaɗai wat 170 yake ja in yana aiki sosai. i5-12400 an rubuta mata 65, amma tana haura 100 in ta ɗau zafi. Ƙara allo da fankoki da sauran tarkace, kana wajen wat 300. Batir mai ruwa na 12V 200Ah, a takarda wat-awa 2400 ne, amma in kana son ya daɗe rabi za ka ci, 1200 ke nan. Raba da 300, awa huɗu, kafin a cire abin da inbata ke sha. Ba a kunna fankar ɗaki ba, ba a yi cajin batiran kyamara ba. Wanda ya je ya ɗauko 4090 mai wat 450 kuma, sai dai ya sayi janareta tare da shi. Duk kuɗin da Abba ke cewa a ƙara a kan kati, ni cewa nake a ware wani abu a sayi UPS ko inbata mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake kira fiyo-sayin. Fawa-fak na zamani, wato abin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ba ya shiri da inbata mai arha, sai ka ji yana ƙara, ko ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta kana tsakar fitar da aiki.

Sai zafi. A watan Afrilu nan Katsina muna haura digiri 40 a inuwa, shago mai rufin kwano ya fi haka. Furosesa in ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Kwamfutar da aka kawo mani daga wajen Ƙofar Marusa bayan hunturu, mai ita na rantsuwa kati ne ya lalace. Na buɗe, ƙura ta yi tabarma a jikin fanka, sai da na sa buroshi na kankare kafin iska ta wuce. Aka hura, aka sa sabon man furosesa, ta koma daidai. Ki sayi akwati mai raga a gaba da matatar ƙura, ki ɗora shi kan tebur, kar ki aje a ƙasa.

Nura Daura: To tunda Injiniya ya kawo wuta, bari in faɗi tawa ko da za a yi mani ca. Mac mini M4. Ta fito a ƙarshen 2024, a lokacin ƙaramar dala 599 ce da RAM giga 16. Tana warware H.265 4:2:2 da kanta ba tare da wani kati ba, kuma ko tana tsakar aiki ba ta kai wat 100 ba. Da ita na tace hawan Sallar Gani na nan Daura, kyamara biyu, dawaki na sukuwa ƙura na tashi, a kan batir ɗaya tun bayan la'asar har dare. Ba ƙara, ba zafi. Premiere na tafiya a kanta, Resolve ma haka.

Abba: Giga 256 na ajiya fa Yaya Nura. Biki ɗaya ya cika ta. RAM kuma a manne take, ba a ƙarawa har abada. Ranar da ta ƙi tashi wa zai buɗe maka ita? Tawa in fawa-fak ya ƙone, in hau mota in je Beirut Road a Kano in dawo da wani kafin magariba.

Nura Daura: Ajiya ai SSD na waje ake soka mata. Maganar gyara kau ka yi gaskiya, shi ya sa ban taɓa haɗa ta da wutar gari kai tsaye ba.

Malam Lawal: Ajiyar nan ku tsaya a kanta kaɗan, don ko wace ta saya sai ta shafe ta. Ko a megabit 100 kake ɗauka, awa ɗaya giga 45 ce, C-Log na R6 kuma ya fi haka nauyi. HDD mai juyawa bai cika wuce megabait 200 a daƙiƙa ba, SSD na SATA wajen 550, SSD na NVMe kau daga 3500 har 7000. Aikin da ke hannu a kan NVMe, wanda aka gama a kan HDD. Kuma kwafi biyu a wuri biyu kafin a goge katin kyamara, don ba uwar amaryar da za ta sake tara maki mutane a maimaita kamu. RAM giga 32 in PC ce, 16 na cika da an buɗe Premiere da After Effects tare.

Zainab: Kun ƙara rikita ni, amma na fahimci abu ɗaya, ba zan sayi mai F ba. Yanzu tsakanin haɗin Malam da Mac ɗin Yaya Nura nake. Sola ta gida batir biyu ce, kuma firij na kai.

Injiniya Kabir: Da firij a kai? Hajiya ki kalli Mac ɗin nan da kyau.

Abba: In ta fara samun aikin talla ana neman ado da wankin hoto, za ku tuna da ni. Giga 16 da furosesa da girafik ke rabawa ba za ta kai ta ko'ina ba.

Nura Daura: Akwai mai giga 24, a nan ake ƙara kuɗin tun wajen saye.

Malam Lawal: Ku bar ta haka. Zainab, ranar Asabar bayan azahar ki zo shagona da katin kyamararki, ki zaɓo fayil mafi wuya, na dina da dare, mai tsawon minti goma. Tawa i5 ce mai Quick Sync da 3060. Nura, in za ka shigo gari ka saƙalo Mac ɗin a jaka. Abba ya kawo tashi mai F da babban kati. Fayil ɗaya, Premiere ɗaya, a ja shi gaba da baya a gani, sannan a ɗora kala a fitar a duba agogo.

Abba: Na yarda, amma a sa wankin yashi cikin gwajin. Kar a tsaya a yanka kawai.

Alhaji Sada: Ni ma zan aiko yaro da Z440, a yi mata furoksi a gani in ba ta bi sahu ba.

Injiniya Kabir: Zan zo da mitar auna wuta, kowace a soka ta a jiki a rubuta abin da ta ja. Malam, a tanadi fetur a janareta.