Wayar gida marar igiya don Baba: in bari a aiko daga Amurka?

Mai Atamfa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu ya manyanta, ido ya yi rauni, kuma salula ba ta zama a hannunsa. Ka saya masa yau, gobe tana wurin jikoki suna buga wasa, ko ta shige ƙarƙashin buzun salla sai an yi ta cigiya. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai aiko da wayar gida marar igiya ta Panasonic mai kai biyu, wato abin riƙewa a yi magana guda biyu, ɗaya a zauren Baba, ɗaya a ɗakin Inna can ƙuryar gida. Muna da akwatin intanet na Camtel a ɗakina, na ga wata 'yar kafa a bayansa an rubuta TEL. To za ta yi aiki a nan kuwa? Daga ɗakina zuwa zaure akwai 'yar tafiya, ga katangun siminti biyu a tsakani.

Mai Gyaran Waya, Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce wa ƙanen naka ya dakata tukuna. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 220. Idan cajar ba a rubuta 100-240V a jikinta ba, kana jona ta sai dai ka ji ƙauri. Wannan ma mai sauƙi ne, ana sauya caja. Babbar matsalar ita ce zangon rediyon da take magana a kai. Ta Amurka, wadda ake rubuta wa DECT 6.0, tana aiki tsakanin 1920 da 1930 MHz, kuma a wajenmu wannan zangon na 3G ne na salula, sai su riƙa shiga wa juna. Wadda ta dace da mu ita ce ta Turai, mai 1880 zuwa 1900 MHz. Ka duba kwali ko ƙasan uwar wayar, wato gindin da ake ɗora kan a kansa, a rubuce yake. Panasonic ɗin ma akwai irin ta Turai, ga kuma Gigaset ta Jamus.

Ita wayar nan ba ta da layi na kanta. Uwar ce ake jonawa a wannan kafa ta TEL, kawunan kuma da uwar suke magana. Kafin ka kashe ko dala, je ofishin Camtel ka tambaya ko an buɗe maka layin kira a akwatin, don kafar na iya kasancewa a nan amma babu lamba a kanta.

Maganar nisa, a kwali za ka ga mita 50 cikin gida, 300 a fili. Siminti mai rodi da ƙofar ƙarfe suna rage wannan nisan. Ɗora uwar a sama kusa da taga mai kallon tsakar gida, kada ka cusa ta bayan talabijin.

Maman Ummi, Ngaundare:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ban ga abin wahalar da kai ba. Ana ɗauke wuta uwar ta mutu, akwatin intanet ma ya mutu, ko da kan wayar cike yake da caji. Kuma tsoho ai da daddare cikin duhu ake fi bukatar a same shi. Ni wa surukata wayar tebur mai cin sim na saya, na sa mata layin Orange. Batirinta a ciki yake, maɓallanta manya-manya, ƙararta har maƙwabta. Yara ko kallonta ba sa yi tunda babu wasa a ciki.

Ɗan Kuseri:
Hajiya, taki ba ta yawo, sai tsohuwa ta taso ta zo inda take. Kuma ta Alhaji tana da abin da taki ba ta da shi: Baba zai iya kiran Inna daga zaure, kai zuwa kai, ba a cin ko sisi. Shi kaɗai wannan ya isa a saye ta a gida mai faɗi. Idan akwai sola a gidan, a jona uwar da akwatin a kai, maganar ɗauke wuta ta ƙare.

Abin da zan ja kunne a kai batir ne. Yawancinsu ƙananan AAA biyu suke ci, masu caji, NiMH. Kada wani yaro ya sa na tocila da ba a cajawa, zai tsiyaye ya ci ƙarfen ciki. Zafin Maris da Afrilu kuma, wanda a Garwa yake haura digiri 40, yana gajarta musu kwana, don haka ka sayi na ajiya tun yanzu, kuma kada a bar ta inda rana ke dukanta.

Mai Atamfa, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sola akwai. Na ce wa ƙanena ya turo kuɗin kawai, gobe in sha Allah zan leƙa ofishin. Malam, idan kai biyu bai isa ba ana iya ƙarawa?

Mai Gyaran Waya, Marwa:
Ana iya, Alhaji. Da yawa daga cikinsu uwa ɗaya na ɗaukar har kai shida, kowanne soket kawai yake bukata don cajarsa. Nemi mai alamar GAP, ita ce ke karɓar kan wani kamfani. Ranar saye ka sa mai shago ya haɗa su a gabanka, ka fita da kai ɗaya waje ka kira ɗayan kafin ka biya.