Me ke sa 'yan kwandon jami'a zubar da firi turo a ƙarshen wasa?

Ɗan_Kwando:
Salam 'yan uwa. Ina bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka sosai, musamman March Madness, gasar cin kofinsu, da in aka doke ku sau ɗaya shikenan kun tattara kayanku. Abin da ke ɗaure min kai, yaro zai yi ta zura firi turo (jifan da ake ba ka ba mai tare ka in an yi maka keta) duk kakar wasa, amma saura sakan goma sai ka ga hannu na rawa. Matsin lamba ne da gaske ko mu 'yan kallo ne ke ƙara gishiri?

Abu_Hoops:
Wane gishiri malam. Fainal ɗin 1993, Michigan na bayan North Carolina da maki 2, Chris Webber na Michigan ya kira taim aut (ɗan hutun tsayar da wasa) alhali ba su da ko ɗaya da ya rage, aka ba shi teknikal, wato hukuncin karya doka, suka sha kashi 77-71. Kuma fa shi ne gwanin tim ɗin, kansa ne kawai ya ɗau zafi.

Ummi_K:
Ni a ganina layin firi turo ya fi ko'ina muni saboda ana ba ka lokacin tunani. A cikin gudu jiki ne ke aiki da kansa, amma ka tsaya kai kaɗai, ka buga ƙwallo a ƙasa sau uku, ɗaliban ɗaya makarantar na bayan kwando suna ihu suna kaɗa hannu, sai ka fara lissafin gwiwar hannu da yatsu abin da tun kana yaro ba ka taɓa lissafawa ba, daga nan jifan ya lalace. Ga kuma dokar wan-an-wan a wasan maza, ka ɓarar da na farko babu na biyu. Memphis a fainal ɗin 2008 sun ɓarar da huɗu cikin biyar na ƙarshe, Mario Chalmers ya jefa turi foin (jifan maki uku) ya rama wa Kansas, suka ɗauke kofin a ƙarin lokaci.

Sadauki22:
Gaskiya ne yaya Ummi, amma nisan layin bai canza ba, ƙafa 15 ne ko a atisaye. Yadda yaron ya ɗauki abin ne. Wani na tuna 'yan NBA na zaune suna kallonsa, wani ko a jikinsa. Virginia ta sha kunya hannun jami'ar UMBC a 2018, ta ɗaya a jerin rukuninsu ta faɗi wa ta 16, shekara na zagayowa kusan yaran nan ne suka ci kofin.

Ɗan_Kwando:
Kai na manta da na Virginia ɗin nan wlh. Bari in nemo fainal ɗin 2019 in sake kallo.