Allon taya da allon ƙanƙara: ta ina za a fara wa yara a Kalgari?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Tun da aka koma makaranta Hanif ya tasa ni gaba, wai allon taya yake so irin na abokansa, kuma in dusar ƙanƙara ta sauka zai koyi zamiya a kan allon ƙanƙara. Ƙanwarsa ma ta ce ba za a bar ta a gida ba. Shekararsa 11, ita 9. Na ga allo mai sauƙin kuɗi a babban kantin da muke cefane, har da hular kwano a haɗe. In saya kawai? Wannan ne sanyinmu na farko a Kanada.

Baban Iman: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin maganar saye, ki fara duba da wa zai riƙa yawo. Ni abin da na sani a Kano shi ne samari masu takalmin taya da ke kama bayan a-daidaita-sahu a kan titi, rai a hannun Allah. Nan ma na bi ta filin da ke cikin gari da daddare, warin wiwi ne ya tare ni. Ban ce a hana yaro ba, amma a bi a hankali.

Sadik: Anti, don Allah kada ki sayi na kantin cefane. Ina ganin yara suna zuwa fili da irinsa, kwana kaɗan su jefar, su ɗauka su ne ba su iya ba, alhali laifin allon ne. Tayarsa busasshiyar roba ce ta kayan wasa, boris ɗin ciki ba ya juyawa, yaro yana turawa allon yana tsayawa. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ma ba ya karkata, to ta yaya zai koyi shan kwana?

Ki kai shi shagon allo, irin wanda mai shagon da yaransa duk suna hawa. Namu da ke kusa da tashar jirgin unguwarmu, in yaro ya shiga ba a tambayarsa wane zane yake so. Mai shagon zai sauko da allo biyu ko uku ya shimfiɗa a ƙasa, ya ce ya taka, ya duƙa ya dubi inda takalminsa ya tsaya a faɗin katakon. Mai shekara 11 galibi faɗin inci 7.5 zuwa 7.75 ke yi masa, mu manya muna hawa 8 zuwa 8.5. Allon gaske falle bakwai ne na katakon mapul aka manne, shi ya sa yake da tsalle. A gabanku zai liƙa samfefar sama, ya goge gefen da ƙarfe har farin layi ya fito, ya bi layin da reza, ya huda ramuka takwas ya ɗaure noti. Yaron da ya tsaya ya kalli wannan, gobe da kansa zai kwance tayarsa ya wanke boris.

Injiniya Kabiru: Sadik, gaskiyarka a kan na kantin cefane, amma shagunan nan suna da tsada. Irin kayan da suke sayarwa ana samu a intanet ƙasa da haka. Mai yara biyu, ga haya, ga kuɗin rigunan sanyi, dole ya yi lissafi.

Sadik: Haka ne Yaya, wani lokacin akwai bambanci. Amma a tambayi allon da ke ɗauke da sunan shagon, wanda suke bugawa da kansu. Katakon mai kyau ne, kuma ya fi na manyan kamfanoni sauƙi. Sannan a ƙarƙashin kanta akwai kwalin da manyan 'yan wasa ke zuba tsofaffin tayoyi da ƙarafa in sun canza sababbi. Na sha ganin mai shagon ya haɗa wa yaro allo daga kwalin nan bai karɓi ko sisi ba, don ya ga kullum yana zuwa ya zauna a benci yana kallon bidiyon da ake sakawa.

Shagon nan shi ne majalisarmu. Nan ake jin wane fili ne ya bushe bayan ruwa, wa ke da gurbi a mota zuwa dutsen da ake zamiyar ƙanƙara ranar Asabar, yaushe za a yi gasar yara. Ranar 21 ga Yuni, ranar masu allon taya ta duniya, daga ƙofar shagon ake haɗuwa a rankaya fili. Ni da na zo garin nan karatu ban san kowa ba, a bencin nan na samu abokan da har yau muke tare. In duk muka koma intanet shagon zai rufe, kuma ba kamfanin intanet ɗin da zai ɗaure wa Hanif noti in ya kwance.

Anti Ladi: Alhaji Baban Iman, maganarka tana kan hanya, ban musa ba. Tun Oktoban 2018 doka ta halatta wiwi ga manya a ƙasar nan, kuma filin allon taya na Millennium (yanzu sunansa Cowboys Park) da ke yammacin tsakiyar gari a buɗe yake dare da rana, kowa na shiga. Babba ne ƙwarai, tun shekarar 2000 aka buɗe shi, kyauta ne, jirgin cikin gari yana tsayawa kusa da shi. Amma ba nan zan fara kai ɗan shekara 11 da yamma ba. Birni ya gina ƙanana a unguwanni: akwai a Huntington Hills, Southwood, New Brighton, Bowness, da wanda ke jikin Genesis Centre ga mu 'yan arewa maso gabas. Safiyar Asabar kafin ƙarfe goma sha ɗaya, yara ne da iyayensu kawai. Ni kujerata nake ɗauka da fulas ɗin shayi in zauna. A haka na san iyayen duk yaran da 'yata ke wasa da su.

Abin da ya kwantar mini da hankali, rannan ta faɗi a gangare, wani saurayi da hannunsa duk zane ya tsaya cak, ya tare sauran da hannu kada su bi ta kanta, ya ɗauko mata allonta ya nuna mata inda za ta sa ƙafar gaba. Da ta sauka lafiya a karo na gaba, sai duk suka riƙa buga allunansu a ƙasa. Haka suke tafi.

Maman Hanif, ga ƙanwar kuma ki nemi 100% Skate Club, ƙungiyar mata da 'yan mata ce a garin nan. Hijabi ba ya hana komai, ki sa mata na wasanni mai laushi wanda ba a sa masa fil, hular kwano ta hau kai.

Baban Iman: To madalla. In uwa tana zaune a wurin, ba ni da ta cewa.

Sista Bilki: Ni ta fannin aikina zan yi magana, don duk sanyi muna karɓar su a asibiti. Sabon mai koyon allon ƙanƙara, wuyan hannu ne ya fi karyewa, saboda ƙafafu biyu a ɗaure suke, in ya tafi ƙasa hannu yake kaiwa. A sayi abin kare wuyan hannu, na taya da na ƙanƙara duka. Hular kwano kuma kada a sayi gwanjo, ba ki san bugun da ta sha ba, kuma ta ƙanƙara daban take da ta taya. In yaro ya bugu a kai ya ce yana jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, wasan ranar ya ƙare, a kai shi a duba.

Sai sanyi. A nan yana kai 20 har 30 ƙasa da sifiri. A fatar Bature ana saurin ganin ja ko fari in sanyi ya fara cin kunci, a tamu ba a gani da wuri, sai dai wurin ya yi toka-toka ya daina jin taɓi. Ki riƙa taɓa musu kunci da hanci da yatsu, ki tambaye su. Kada ki sa musu rigar auduga a ciki, tana shan gumi ta huce a jiki. Safa ƙafa ɗaya ta ulu ta isa, in aka ninka biyu takalmi ya matse, jini ya kasa gudu, ƙafar ta fi yin sanyi.

Injiniya Kabiru: To a kan na ƙanƙara dai ina nan a kan bakata: bana kada ki sayi allo. Ki yi haya. Yara suna girma, kuma ba ki san ko za su ɗore ba. Ku fara da Canada Olympic Park, wanda WinSport ke gudanarwa, a cikin gari yake ta yamma a kan babban titi. Don gasar Olamfik ta hunturu ta 1988 aka gyara shi. Akwai gangaren masu koyo, akwai malamai, ana ba da hayar kaya, suna yin ƙanƙara da inji, kuma akwai fitilu, bayan makaranta ma ana zuwa. Ki biya musu darasi, kada ki bar aboki ya koya musu. In sun iya tsayawa da juyawa ta gefe biyu, sai wurin zamiya na Nakiska a yankin Kananaskis, tafiyar kamar awa ɗaya. Sunshine da Lake Louise da Norquay suna cikin gandun Banff, sai da takardar shiga gandun, kuma kada ki hau hanyar nan ba tayar sanyi a mota. Sunshine ne ke daɗewa, har watan Mayu ana hawa.

Wajen ƙarshen Oktoba ana yin babbar kasuwar kayan ƙanƙara, sababbi da na hannu, a Max Bell. Riguna da wanduna na yara suna da sauƙi a can, amma a je da wuri. Wanda kuɗin darasi ya yi masa nauyi ya duba KidSport da Jumpstart, suna taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi, ba abin kunya ba ne.

Sadik: Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Yaya. Abin da zan ƙara, in an tashi saye a fara da takalmi, shi ne ke sa yaro ya so wasan ko ya tsane shi. Yatsa ya ɗan taɓa gaba, diddige kada ya ɗaga. Tsawon allo ana cewa tsakanin haɓa da hanci, amma nauyin yaro ya fi muhimmanci. In kin samu na hannu, ki kai shago su duba ko ya tsage, su wasa bakin ƙarfen, su narka masa kaki su goge, su daidaita maɗaurin ƙafa da tsayuwarsa. Akwai mai sa ƙafar hagu gaba, akwai mai sa dama, kuma wadda yake sawa a allon taya galibi ita ce a ƙanƙara. Shi ya sa nake cewa ya fara da taya yanzu kafin sanyi ya kama. Kuma kada a kai allon ɗakin ajiya a ce sai bazara, in iskar Shinuk ta taso a tsakiyar Janairu gari yakan yi ɗumi, siminti ya bushe, mu fito.

Ki gaya wa Hanif, Mark McMorris, gwanin allon ƙanƙara na Kanada, ɗan Regina ne, ƙasar da shimfiɗe take ba dutse, amma ya ci tagulla a Olamfik sau uku, 2014 da 2018 da 2022. Ƙanwarsa kuma ki gaya mata yarinyar Japan da ta ci zinare a allon taya a gasar Tokiyo, Momiji Nishiya, shekararta 13 a lokacin.

Malam Habu na Maraɗi: Kowa ya faɗi nasa, saura salla da ciki. A Disamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, azahar da la'asar da magariba duk a kan dutse za su same ku. Ku yi alwala daga gida, ku tafi da ƙaramar darduma a jaka. Ni nakan tambayi ma'aikatan ɗakin shan ɗumi inda ba a wucewa, ba a taɓa hana ni ba. Abincin can da tsada, kuma ba duka muke ci ba. Uwargida tana yi mana dambun nama da burodi, da shayi mai citta da kanumfari a fulas biyu, don na farko ba ya kai azahar.

Maman Hanif: Allah ya saka wa kowa da alheri, na fasa na kantin. Ga yadda na fahimta: allon taya a shago yanzu, hula sabuwa da abin kare wuyan hannu, na ƙanƙara kuma haya da darasi. Abu ɗaya ya rage, allo ɗaya zai ishe su su biyu?

Anti Ladi: A'a, faɗa za ki raba kullum. Tsohon allon 'yata yana nan, ƙarami ne, katakon lafiya lau, tayoyin ne suka cinye. Ki zo ki ɗauka wa ƙanwar.

Sadik: Anti Ladi, ki ba ta ta taho da shi shagon, zan duba kwalin nan ko akwai tayoyin da za su hau. Anti Maman Hanif, ina can ranar Asabar daga ƙarfe goma sha ɗaya. Su sa takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, kada su zo da na gudu. Zan turo miki adireshin ta gefe.

Baban Iman: Ku sa da Iman a lissafi, ita ma ta ji labari. Ni zan kawo su a motata, akwai wurin mutum uku.