Yarana na fama da ciwon kai a maɗaba'a, ko fetur ɗin wanke rola ne?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar ɗab'i. Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano, ɗaki ɗaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 5, tsayin mita 3. A ciki akwai injin bugu Kord 64, injin yanka takarda da injin buga bana (manyan tallace-tallacen roba da ake ratayewa). Taga ɗaya ce, kullum a rufe saboda ƙura. Janareta yana baranda, daf da ƙofa. Da fetur muke wanke rola da bulanket (shimfiɗar robar da ke ɗora tawada a kan takarda), kamar yadda muka taras ana yi. Wata biyu ke nan yara biyu suna kukan ciwon kai da jiri in yamma ta yi, shi kuma mai jan injin hannunsa duk ya tsattsage. Na sayo musu takunkumi irin na asibiti, ina kuma ba su madara in an tashi, amma ba ta sake zani ba. Maƙwabcina ma ya yi magana kan ruwan wankin farantin bugu (ƙarfen da ake fitar da rubutu a jikinsa) da muke zubarwa a kwata. Ga aikin kalanda ya taho, za a riƙa kwana ana bugu. Don Allah ta ina zan fara?

Likitar ma'aikata:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, yau ɗin nan a ɗauke janaretan daga bakin ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma alamunta su ne waɗannan da ka lissafa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ga mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, in sun fita waje su ji sauƙi. A kai shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ginin. Kada kowa ya kwanta barci a ɗakin yana kunne. Fetur a hankali yake cin mutum, wannan kuwa dare ɗaya ya ishe shi.

Sai fetur. Akwai benzin a cikinsa, wanda an tabbatar yana jawo kansar jini, kuma ta numfashi da ta fata yake shiga. Takunkumin asibiti ƙura da yawu yake tarewa, tururi ratsa shi yake yi kai tsaye. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, abin da aka shaƙa kuwa ta huhu ya riga ya shiga jini. Illar wannan al'adar ita ce tana sa a saki jiki.

Ka kai su uku asibiti a yi musu gwajin ƙwayoyin jini da na aikin hanta, su kuma faɗa wa likita ainihin abin da suke taɓawa a wurin aiki da tsawon shekarun. Wanda idonsa ya yi rawaya, ko dasashinsa ke zub da jini, ko yatsunsa ke mutuwa, kada ya jira.

Mai gyaran injinan bugu:

Alhaji, abin da likita ta faɗa haka yake, kuma ko don injinka ya kamata ka rabu da fetur. Yana tsotse man da ke cikin robar rola, ta taurare, ta yi ƙyalli, bakinta ya tsuke. Daga nan tawada ba ta bazuwa daidai, mai inji ya ƙara matsi, ya ƙara ruwa, takarda ta yi ta lalacewa. Kuɗin sake zuba wa rola roba ya fi rarar da kake gani a fetur.

Je wurin masu sayar da kayan bugu ka nemi ruwan wankin rola da bulanket na ainihi, wanda ake haɗawa da ruwa. Abu biyu za ka duba a jikin galan ko a takardar bayaninsa. Na farko, zafin da tururinsa ke kama wuta: ka nemi mai digiri 60 zuwa sama. Fetur yana kamawa tun a ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifili, wato babu ranar da ba a shirye yake ya tashi ba. Na biyu, kada ka ga an rubuta dichloromethane ko 1,2-dichloropropane. A 2012 aka gano ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta ƙasar Japan suna kamuwa da kansar hanyar maɗaciya, har adadinsu ya kai 17, yawancinsu matasa. Da waɗannan ruwan biyu suke goge tawada a ɗakin da iska ba ta fita sosai. A 2014 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa na biyun cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Galan da ba shi da rubutu, wanda ake auna maka a gorar ruwa a ce yana bushewa nan take, ka bar musu kayansu.

Yadda ake wankin ma yana rage rabin matsalar. A zuba ruwan a gora mai siririn baki, a daina tsoma tsumma a buɗaɗɗen gwangwani. A fara kankare ragowar tawada da wuƙa, a bi da takardun banza su kwashe abin da ya saura a rola, sannan a ɗiɗɗiga ruwan kaɗan-kaɗan. A ƙarshe a goge bulanket da tsumma mai ruwa, a bi da busasshe. Wannan ruwan ba ya bushewa da sauri kamar fetur, saboda haka mai inji zai yi ƙorafi a makon farko, kuma in bai tsane bulanket ba takardun farko za su ɓaci. Ka daure masa, zai saba.

Wani ɗan uwa:

Malam, kananzir fa? Ya fi wancan araha kuma ba ya tashi kamar fetur.

Mai gyaran injinan bugu:

Gara shi da fetur, amma ba mafita ba ne. Tururinsa yana iya kamawa daga digiri 38, zafin Kano kuwa yana wuce 40 a watan Afrilu tun kafin a kunna inji. Yana barin maiƙo a bulanket, yana busar da fata, kuma an sha samun wanda aka gauraya da fetur a kasuwa.

Tunda an zo nan, a duba IPA, wato sinadarin isopropyl alcohol da ake zubawa a ruwan da ke jiƙa faranti lokacin bugu. Shi ma a digiri 12 yake kamawa, kuma yana cikin masu sa ciwon kai. Da yawa da ido suke zubawa. A auna, kada ya wuce kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, a riƙe tsamin ruwan tsakanin 4.8 da 5.5 da takardar awo, a rufe tankin. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe shi, a mai zafi kuwa tashi yake ya ƙare a hancinku.

Jami'in kashe gobara:

Ranka ya daɗe, tururin fetur ya fi iska nauyi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe har ya tarar da soket ko janareta, wutar ta biyo shi baya zuwa galan. Ga hunturu, iska a bushe, takarda da robar bana suna tara lantarki suna tartsatsi.

Maganar iska ga lissafi. Cikin ɗakinka kubik mita 120 ne, wato 8 sau 5 sau 3. In kana son iska ta sauya sau 10 a awa, kana buƙatar fankar zuƙe iska mai fitar da kubik mita 1,200 a awa, lambar tana jikin kwalinta. A huda bango a sa ta ƙasa-ƙasa bayan injin, a buɗe mashiga a bangon da ke fuskantarta, a sa raga da soso mai tace ƙura. Iska ta fito ta bayan mai aiki, ta wuce injin, ta fita. Fankar sama da na'urar sanyaya ɗaki juya iskar kawai suke yi. Amma sai ka fitar da fetur tukuna, domin fanka irin ta kasuwa motarta na iya tartsatsi.

Tsummoki masu tawada a durom na ƙarfe mai murfi za a zuba, a fitar da shi waje kullum in an tashi. Man da ke cikin tawada yana ɗaukar zafi yayin da yake bushewa, tarin tsumma a lungu yana iya kama wuta shi kaɗai cikin dare. Abin da za a ƙarar a yini kawai ake shigowa da shi, sauran galan a ma'aji daban mai inuwa. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 9 a bakin ƙofa, da mai iskar CO2 kusa da inji don ita ba ta ɓata shi, da bokitin yashi. Ba a watsa wa wutar fetur ruwa. A tsayar da janareta ya huce kafin a zuba masa mai, kuma kada a tare ƙofa da rim ɗin takarda.

Tsohon mai jan inji:

Ɗana, ku kula da hannu, don aikin dare shi ne lokacin da yatsu ke tafiya. Ba a goge bulanket inji na juyawa, ko da a hankali ne. Tsayar, goge inda ka gani, janye hannu, matsa ya ɗan juya, tsayar, sake gogewa. Mutum ɗaya ke riƙe da tsumma da maɓalli. A naɗe tsumman ya zama dunƙule ba jela, domin silinda jelar take kamawa ta ja hannu. Babbar riga, faɗin hannun kaftani, zobe da agogo a cire, mata masu tattara takarda su ɗaure hijabi ciki in za su matso.

Injin yanka maɓalli biyu gare shi don hannu biyu su bar wuƙa. Duk wanda ya ɗaure ɗaya da salatif don sauri a hana shi. Abin danne takardar ma yana murƙushe yatsa, a riƙa tura takarda da katako.

Mai tsagewar hannu kuma, safar hannun da aka rubuta nitrile a kwalinta za a saya, mai kauri, ta asibiti narkewa take. Tawada a hannu da man gyaɗa ake murza ta, a bi da sabulu, a shafa basilin.

Ma'aikacin kula da muhalli:

Maƙwabcinka yana da gaskiya, Alhaji. Ruwan wanke faranti yana da kaifi irin na soda, yana ƙona fata, in ya faɗa ido a wanke da ruwa mai gudana minti 15 a tafi asibiti. Kwatocin gari da yawa a kogin Jakara suke ƙarewa, da ruwan kuma ake ban-ruwan latas da alayyafon da ke dawowa kasuwa. Ka ware jarka uku masu murfi, ka rubuta a jikin kowace: ruwan wanke faranti, ruwan wankin rola, ragowar tawadar bana. Kada a haɗa su. In kuna wanke fim, ruwansa na biyu akwai azurfa a ciki, ana sayensa. Sauran ka tuntuɓi ofishin NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, ko ma'aikatar muhalli ta jiha su haɗa ka da mai izinin kwashewa.

Takardun da suka lalace masu sake sarrafa takarda za a sayar wa, kada a ba mai ƙosai ko mai tsire, domin zafi da mai suna narkar da tawada cikin abinci. Jarkar da ta ƙare a huda ta kafin a yar, don kada wani ya zuba ruwan sha.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. An matsar da janareta. In na sayo takunkumi mai gwangwanin tace tururi, zan iya ƙarar da fetur ɗin da ya rage kafin a huda bango?

Likitar ma'aikata:

A'a Alhaji, zuba shi a janareta. Takunkumin mutum ɗaya yake karewa, sauran suna shaƙa, kuma ba ya hana gobara. Ka saye shi don mai wankin rola da mai juye tawadar bana: gwangwaninsa mai zanen ruwan ƙasa da harafin A. Dole ya kama fuska ruf, mai cikar gemu iska tana shiga masa ta gefe, sai a ba wani wannan aikin. In an gama a sa shi a leda a ɗaure, in an fara jin wari ta cikinsa a sauya gwangwani. Banar da aka buga a shanya ta a rumfa ta kwana, kada a naɗe ta a ɗaki. Ka kuma yi wa ma'aikatan rajista da NSITF, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa: dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi, kuma ta haɗa da cutar da aka samu ta dalilin aiki.