Wa aka taɓa kashe wa jijiyar haƙori? Ku ba ni labari

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati biyu ke nan turmina na ƙasa ya hana ni barci. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake tsira min, daga baya ko ban taɓa shi ba zogi yake, har cikin kunne. Likita ya ɗauki hoto, ya ce kogon ya ci har ya kai jijiya, ciko kaɗai ba zai yi ba. Ko dai a cire, ko a kashe jijiyar a bar min haƙorina. Jibi ya ce in koma. To amma tun jiya ciwon ya ɗauke ɗif. In je ne ko in bari? Kuma don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa min gaskiya, akwai zafi?

Mai ɗinki:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki je. Irin wannan shirun ne ya cuce ni. Nawa ma haka ya ɗauke, na ɗauka na warke. Bayan wata huɗu sai ga wani ɗan ƙurji a dasashi, ya fashe ya fitar da mugunya, ya koma, ya sake fitowa. Sau uku ina sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya lafa ya dawo. Ranar da na tashi kunci ya kumbura har ido ya fara rufewa, ga zazzaɓi, a ranar aka kai ni asibiti. Likitan ya ce jijiyar ce ta mutu, shi ya sa na daina ji, amma ƙwayoyin cutar sun gangara ƙarshen saiwa suna cin ƙashi. Ya ce magani a cikin jini yake tafiya, mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga cikinsa, to ta ina maganin zai kai? Sai an buɗe an wanke.

Mai taya likitan haƙori aiki:
Gaskiya Mai ɗinki ya faɗa miki, Hajiya. Shekara 6 ina miƙa kayan wannan aiki, kuma ni ma an yi min a haƙorin gaba da na buge ina yarinya, wanda ya yi duhu daga baya. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan nama mai laushi, jijiya da hanyoyin jini, yana bin wasu siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Shi ake cirewa. Za a yi miki allura wurin ya mutu, a shimfiɗa wata 'yar roba a keɓe haƙorin don kada yawu ya shiga, a huda ta sama, a bi hanyoyin da wasu ƙarafa sirara kamar allura ana gogewa ana wankewa. Ruwan wankin yana da wari irin na sinadarin wanke farin kaya, kada ya tsorata ki. In akwai mugunya akan zuba magani a rufe na ɗan lokaci, ki dawo bayan sati ɗaya ko biyu. In ya yi tsaf sai a cushe hanyoyin da wani abu mai kama da roba, wanda asalinsa ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, shi ya sa nawa zama ɗaya aka yi. Turmi kuwa uku ne ko huɗu, ki shirya zama ya haura awa guda. In kina da ciki ko ciwon suga, ki faɗa tun kafin a fara.

Direban babbar mota:
Ni dai ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Allurar farko ba ta kama ni ba, ƙarfen na taɓa ciki na ji kamar an jona min wuta. Na daure na yi shiru, a zatona haka aikin yake. Sai da likitar ta ga hawaye ta tsaya, ta ƙara allura ta wani wurin, daga nan ban sake jin komai ba sai ƙarar inji. Ta ce turmin ƙasa in jijiyarsa ta kumbura yakan yi taurin kai wa allura. Kada ki daure irin tawa, ki ɗaga hannu da kin ji. Abin da ya fi damuna daga baya muƙamuƙi ne, saboda daɗewar baki a buɗe.

Malamar firamare:
Ni inda na yi asara a ƙarshen aiki ne, kuma har yau yana min ciwo a rai. An wanke, an cushe, ciwo ya tafi. Aka ce in dawo a sa wa haƙorin hula, wato murfin da ake kifa masa don ya kare shi, domin turmin da kogo ya cinye kuma aka huda ba ya da ƙarfi kamar da. Yau da gobe, na yi wata tara ban koma ba. Ina cikin tauna wani abu mai tauri na ji ƙas. Ya tsage tun daga sama har cikin saiwa, ba yadda za a yi a ɗinke, cire shi aka yi. Duk zaman da na yi a kujerar nan ya tashi a banza. Yanzu shekara 3 da giɓin, na sama da ke fuskantarsa ya soma zazzagowa, na gefe kuma ya karkata.

Dattijo mai ritaya:
'Yata, kada labarin Malama ya karya miki gwiwa. Nawa shekara 14 ke nan da hularsa, da shi nake tauna har gobe. Sai dai sau biyu aka yi min. Turmin sama ne, karon farko hanyoyi uku aka wanke, bayan shekara guda ya ci gaba da min nauyi in na cije. Wani likitan da ya ƙware a kan saiwa ya sake buɗewa, ya gano hanya ta huɗu, siririya kamar gashi, ta ɓuya. Tun da ya wanke ta shi ke nan. In kin ji bai kwanta ba bayan an gama, ki koma, ba lallai sai cirewa ba.

Mai taya likitan haƙori aiki:
Na manta abu ɗaya. Kafin jibi, in kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ko numfashi ya fara yi miki wuya, kada ki jira, asibiti a take. Kuma kada ki ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je, Alhamdulillah. Allura biyu aka yi min, na ɗaga hannu sau ɗaya kamar yadda Malam direba ya ce. Da aka buɗe ni kaina na ji warin abin da ke ciki, ashe ya riga ya fara tara mugunya. Hanyoyi uku aka samu, an zuba magani an rufe. Kwana biyu in na cije yana min tsami, farasitamol ya ishe ni, yau ba na jin komai. Sati mai zuwa za a cushe. Malama, na riga na sa an rubuta min ranar gwajin hular. Baba, kai nan da nan aka sa maka taka, ko sai da aka jira wurin ya huce?